Dami Uku na Iri

Jikata tana kwaleji, kuma tana da ɗabi'ar karatu da ƙarfi kamar duk mutanen gidan kurame ne. Kwanan baya ta zauna a tsakar gida da ƙamus ɗin Ingilishi tana bitar wata kalmarsu ta haɗa abu da abu. Wai da ita ake haɗa katako biyu, da ita hanya take haɗuwa da hanya, da ita mutum yake shiga ƙungiya, har aure da ita ake ɗaurawa. Na ce ta duba mini ko sun rubuta yadda ake raba abin idan an haɗa shi bisa kuskure. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce babu. Na ce ai na sani, masu rubutu ba su cika damuwa da wannan ɓangaren ba. Ta ga raina ya ɓaci, ta kwashe littattafanta ta shige ɗaki. Ba da ita nake ba, baiwar Allah. Da wani mutum nake wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa ina saurayi, da kuma kaina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dogon Dutsi da Kiyeshe. Rabin gonakin garin a fadama suke, rabi a kan tudu. Masu fadama maiwa suke shukawa, wadda take jan lokaci kafin ta nuna, don ƙasarsu tana riƙe danshi har bayan ruwa ya ɗauke. Gonar mahaifina kuwa tana can ƙarshen tudu, rairayi zalla. A irin wannan wurin, idan hatsinka bai gama nuna da wuri ba, to sai dai ka girbe kara.

Abin da ya riƙe gidanmu shi ne wani gero da mahaifina ya gada daga mahaifinsa. Mutanen gari gajere suke ce masa. Karansa bai wuce kafaɗar mutum ba, zangarniyarsa gajeriya ce mai kauri, ga wani jan gashi mai tsini a jikinta wanda yake hana tsuntsu sakewa. Lokacin da maiwar mutane take ganye, mu muna gasa tumu. A 'yan makonnin nan na tsakiyar damina da rumbuna suke wayam, mata suna yawon tsinkar tafasa, gidanmu ake zuwa da ƙwarya a ɓoye cikin zane.

Ba haka kawai geron ya zauna yadda yake ba. Duk shekara, kafin a fara girbi, mahaifina yakan shiga gona shi kaɗai da wuƙa. Yini biyu yake yi yana bin kunya-kunya, yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ta fi gashi, ta riga sauran nuna. Su yake ɗaurewa dami uku, ya ƙulla wani baƙin ƙyalle a jikin kowanne, ya hau rumbu da kansa ya ajiye su gefe. Ba a sussuka su sai an ga hadarin shuka. Ba a cin su ko da yunwa za ta kashe mutum. Yakan ce a wata shekarar wahala ta zamanin kakana an ci ganye, an ci dussa, an binne yara biyu a gidan, amma ba a kwance damin iri ba.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wajenmu. "Kai" yake ce mini, ko "wanga yaro". Idan zai yi maganata da wani, sai ya ce "wancan na lakwal", wato na makarantar boko. Ban taɓa jin zafin wannan ba. Na san a cikin rashin kiran nan girmana yake.

Na gama lakwal ana cikin murnar samun mulkin kai. Duk wanda ya iya riƙe alƙalami a lokacin ana nemansa, sai aka ɗauke ni aiki a wani biro, wato ofis, a Dogon Dutsi mai kula da harkar manoma. Aka ba ni keke da riga kaki. Wallahi a wannan shekarar ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa da Hausa. Shugabana wani ɗan birni ne, mushe muke ce masa, wato maigida da Faransanci. Ya yi karatun noma a ƙasar waje, ya san sunan kowane tsiro da yaren Nasara, amma na rantse bai taɓa yin yini guda da hauya a hannu ba. Yana da malafa da gajeren wando, kuma idan yana magana da manomi, sama da kan manomin yake kallo.

Shi ya zo da maganar rumbun iri na gari. Ba zan yi masa ƙarya ba, akwai gaskiya a farkon maganar. Wasu magidanta sukan cinye irinsu da bazara, ruwa ya sauka su kama yawon roƙo. Wasu kuma ƙwari suke cinye musu. Sai ya ce kowane gida ya kawo irinsa bayan girbi, a sussuke, a haɗa wuri guda, a barbaɗa hodar kashe ƙwari, a ɗure a buhuna, a kulle a ɗaki ɗaya. Idan damina ta zo a raba wa kowa. A kan takarda abin ya yi kyau ƙwarai, har da zanen ɗakin. Ni aka tura ƙauyenmu in yi bayani, tunda ni ɗan gari ne.

Na yi bayanin a dandali, na kawo kalmomin Faransanci na yayyafa don a san na yi karatu. Mutane suka ga riga kaki, ba wanda ya yi gardama. Da yamma mahaifina ya same ni ina goge keke.

Ya ce, "Kai, wanga yaro, mi mushenka ka so da irina?"

Na ce, "Baba, haɗa na kowa za a yi, don kada wani ya rasa."

"To, in haɗi shika so, ga haɗi. In kai dammunana ukku cikin ɗakinku, ɗaure, da shaidata bisa. Kowa shi kai nashi hakanan. Ku sa kwaɗonku ku rihe. Ruwa ya sauka, kowa shi ɗauki abinai. Ai an haɗa ke nan."

Na ce dami ba ya shiga buhu, kuma hoda ba ta ratsa zangarniya.

"Ni ƙwari ba su taɓa cin irina ba. Toka nika sa mishi. Ka tahi ka gaya ma mushe maiwa ba ta nuna bisa tudun ga. In kunka gauraya ta da nawa, mi za ni shibkawa?"

Na san gaskiya ya faɗa. Wannan shi ne abin da yake cina har yau. Ba jahilci ya sa na yi abin da na yi ba. A gonar nan na tashi, na san bambancin gero da maiwa tun kafin in san baƙi da wasali. Washegari na tuka keke har Dogon Dutsi na kai wa mushe shawarar mahaifina, kuma a hanya har ina jin daɗin cewa za a yaba.

Mushe ya saurare ni yana kaɗa alƙalami. Da na gama sai ya yi dariya, ya ce da Faransanci, gero ai gero ne. Ya ce wannan shi ne ciwon ƙasarmu, kowa yana rungume da ɗan ƙullinsa kamar tsohuwa da goronta, shi ya sa Nasara suka daɗe a kanmu. Ya ce yanzu ƙasa ɗaya ce, al'umma ɗaya, rumbu ɗaya. Sannan ya dube ni, karo na farko da ya dubi idona, ya ce idan mahaifin ma'aikacinsa ya ƙi, wa zai yarda? Ya ce akwai samari da yawa masu son keke.

Ka ji fa. Mutum ya ɗauki maganar ƙasa da al'umma, manyan kalmomi masu daɗin faɗa a taro, ya kife su a kan ƙwayar hatsi. Ni kuma na tsaya ƙiƙam na ce, "To, mushe." Da na buɗe baki na ce ya zo tudu ya gani da idonsa, da me zai faru? Iyaka ya karɓe kekensa. Keken da ko shekara uku bai yi ba ya karye.

Ranar da aka sa ta tara iri ta faɗo daidai lokacin da mahaifina ya tafi Tibiri gaisuwar mutuwar wani abokinsa. Tafiyar kwana huɗu ce, zuwa da dawowa. Ban shirya hakan ba, amma na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Da hantsi na jingina tsani a jikin rumbu na ɗaga murfin. Mahaifiyata tana daka, ta saki taɓarya ta taho.

Ta ce, "Sauko. Ko ni da nika cikin gidan ga ban taɓa sa hannu ga dammunan ga ba."

Na ce, "Inna, umarnin hukuma ne."

"Hukuma ta san inda anka aje su? Kai ka sani. Jira ubanka shi komo."

Ban jira ba. Na jefo su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta sussuka mini, ta ce hannunta ba zai yi ba, ta shiga ɗaki ta sako labule. Na ɗora dammunan a kan jakin maƙwabci na kai dandali, inda matan gari suke sussukar na sauran gidaje. Wata tsohuwa ta ga baƙin ƙyallen ta tsaya, ta ce, "Ɗana, gajere na hwa. Ubanka ya sani?" Na ce ya sani. Ƙarya na yi mata tsirara, a gaban mutane.

An shimfiɗa babban tanti a ƙasa. Kowane gida ya juye nasa a kai: geron tudu, maiwar fadama, na masu zaɓen iri, da na ragwayen da suka kwaso sharar gindin rumbu don su fita hakkin hukuma. Ni da hannuna na ɗauki ƙwaryar ƙarshe ta gajere na zuba a kan tulin. Na ɗan lokaci ana iya ganinsa a sama, ya fi sauran duhu kaɗan. Sai mushe, wanda ya zo da mota don ya gani, ya ce a juya. Samari suka sa shebur. Aka barbaɗa jar hoda, aka sake juyawa har komai ya zama launi ɗaya. Mushe ya dafa kafaɗata ya ce na zama abin misali.

Mahaifina ya dawo da la'asar ta kwana na huɗu. Inna ta gaya masa tun bai sha ruwa ba. Na zaci zai ɗauko sanda, kuma da ya ɗauko da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce in kawo mabuɗin ɗakin iri, wanda yake hannuna. Muka tafi tare, yana gaba ina baya. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya cusa hannu ya damƙo, ya fito bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana motsa ƙwayoyin da ɗan yatsa a tafin hannunsa. Ya buɗe buhu na biyu, ya buɗe na uku. Daga nan ya mayar, ya ɗaure bakin kowanne da kyau, ya goge jar hodar a jikin rigarsa.

Ya ce, "Ko ci ba a yi, kun sa mishi guba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya miƙo mini mabuɗi.

Da damina ta sauka aka raba wa kowa daga buhunan. Mahaifina ya karɓi nasa, don ba shi da wani. Abin da ya fito a gonarmu a wannan shekarar ban taɓa ganin irinsa ba. A rami ɗaya za ka ga wani ya fid da kai, wani ko ciki bai yi ba, wani ya yi tsawo ya wuce mutum yana ta ganye. 'Yan gajeren da suka fito a warwatse suka riga kowa nuna, tsuntsayen duk yankin suka taru a gonar, suka cinye na kusa da su marasa gashi, suka dame sauran. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Maiwar ta tsaya a kan tudu da kai fanko, ta bushe a tsaye. Masu fadama ma ba su tsira ba, don geron da ya nuna da wuri a cikin danshi ya ruɓe kafin su shiga girbi. Ba a gasa tumu a gidanmu ba. Inna ce a wannan karon ta ɗauki ƙwarya ta ɓoye cikin zane, kuma ba ta sami gidan da za ta shiga ba.

Mushe ya rubuta a rahotonsa cewa damina ce ba ta yi kyau ba, kuma manoma sun yi sakaci da noma. Ni na buga rahoton a na'ura, da yatsuna biyu. Ɗakin iri bai sake ganin ƙwaya ba, awaki suka mayar da shi wurin kwana. Ba a daɗe ba aka yi wa mushe ƙarin girma aka mayar da shi babban birni. Har walima muka yi masa.

Mahaifina bai haƙura ba. A wannan daminar ya yayyaga tsohuwar rigarsa, yana bin gona yana ɗaura ƙyalle a jikin duk karan da ya ga ya yi kama da gajere. Ya tara abin da bai kai rabin dami ba, ya shuka shi a kusurwa shekara ta gaba. Amma gero ba ya zama shi kaɗai. Idan ya yi bununi, iska tana kwasar garin wannan ta kai wa wancan, kuma gajere ya riga ya sha na maiwa. Abin da ya fito wani yana da gashi amma dogo ne, wani gajere ne amma ba ya nuna da wuri, wani zangarniyarsa siririya kamar ta ciyawa. Ya sake zaɓe, ya sake shukawa. Haka ya yi ta yi, shekara bayan shekara, gemunsa yana fari.

Ni ma na nema. Na tuna akwai gwaggona da aka aurar Lugu, an taɓa ba mijinta cikin ƙwarya guda na gajere. Na tuka keke har can cikin rana. Mijin ya kai ni bayan gari ya nuna mini wani ɗakin iri da ba rufi, irin namu sak. Wani saurayi mai riga kaki ya riga ni zuwa, shi ma ɗan garin ne. Na bi ƙauyukan Kiyeshe, na tambaya a kasuwanni har wajen Tibiri. Duk inda na je labarin ɗaya ne. An yi aikin da kyau, ba a bar gida ko ɗaya ba.

A duk tsawon shekarun nan mahaifina bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ina kawo buhun hatsi daga gari, yana ci. Na yi aure, ya tsaya a kan komai. Yana nan yana ce mini "kai" da "wanga yaro". Na riƙa gaya wa kaina cewa tunda kunyar tana nan, to ban fita daga ransa ba.

Sai aka shiga shekarun da ruwa ya riƙa gajarta. Wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar biro, sai ga mushe ya fito. Ya yi ƙiba, ya bar gajeren wando ya koma babbar riga. Yana tare da wani Bature mai jakar fata cike da 'yan ƙananan ambulan. Wai suna yawon ƙauyuka suna tattara tsofaffin irin manoma, musamman masu saurin nuna, don su ne za su ceci ƙasa. Wai sun ji labari a kasuwa cewa a wani ƙauye kusa da Kiyeshe akwai wani gero mai jan gashi da babu kamarsa. Mushe ya ce in raka su in yi tafinta, don Hausarsa ta yi tsatsa. Bai tuna ƙauyen ba. Da ƙyar ma ya tuna ni.

Na shiga motar. Har yau ina tambayar kaina me ya sa.

Muka sami mahaifina a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, dattawa uku suna zaune tare da shi. Ya shimfiɗa wa baƙi tabarma, Inna ta kawo ruwa ta tsaya daga bakin zaure. Baturen ya yi bayani, na juya da Hausa. Mahaifina ya tashi ya shiga gida, ya fito da zangarniya biyar daga abin da yake ta zaɓe, ya jera su a kan tabarma. Babu biyu da suka yi kama da juna.

Ya ce, "Ga abin da ya rage. Ba shi na ba."

Baturen ya jujjuya su, ya girgiza kai. Mushe ya yi tsaki, ya juya wajen Baturen ya ce da Faransanci, matsalar manomanmu ke nan, Allah ya ba su dukiya amma ba su san yadda ake adana ta ba. Ya faɗe ta a sake, yana kore ƙuda da hularsa. Ga mutumin da ya ce a juya da shebur, zaune a kan tabarmar mutumin da ya yi wa ɓarna, yana shan ruwan gidansa, yana kiransa mai sakaci. Sai mushe ya ce in tambayi tsohon yadda aka yi ya bar irin ya ɓace.

Na tambaya. Da bakina na juya wa mahaifina wannan tambayar.

Bai dubi mushe ba. Ya ɗora hauyar a cinyarsa, ya ɗago kai ya dube ni, ya kira sunana. Cikakken sunana na yanka, a fili, a gaban dattawa da baƙi, yadda ake kiran wanda ba a haɗa komai da shi ba. Inna ta sa hannu ta rufe bakinta. Dattawan suka sunkuyar da kai.

Ya ce, "Kai ka zuba shi. Gaya musu inda kaz zuba."

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Mushe yana ta tambayata me tsohon ya ce, me tsohon ya ce, Baturen yana riƙe da ambulan a buɗe.

Mahaifina ya yi shekara shida bayan wannan ranar, kuma bai sake ce mini "wanga yaro" ba. Da sunana ya riƙa kirana har ya rasu.